Masu ba da aikin tsara shafin intanet, ku bar mai aiki ya yi aikinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da masu kamfanoni da ƙungiyoyin da ke biyan kuɗi a tsara musu shafin intanet, sannan su tsaya a kan mai aikin sai sun ga sun ɓata shi.

Rigimar ta fi yawa a kan launi. Mai kamfani zai ce a sa rubutu ja a kan shuɗi, ko ruwan ɗorawa a kan fari, wai don ya fito. Shi yana ganin zaɓin ransa ne, alhali abu ne da ake aunawa. Ƙa'idar WCAG, wato ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1 a ƙananan rubutu, 3 zuwa 1 a manya. Ruwan ɗorawa a kan fari ko 2 ba ya kaiwa. Mai karatu da waya a rana ba zai ga komai ba.

Sai hotuna, inda ɓarnar ta fi muni. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai faɗin fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto a allo) 4000, nauyinsa megabait 3 zuwa 5. Oga ya turo guda 10, ya ce duk a jera su a saman shafi suna juyawa, kuma kada a taɓa su don kada kyansu ya ragu. Wannan kusan megabait 40 ke nan a kan datar baƙo kafin ya karanta kalma ɗaya. Google na ɗaukar daƙiƙa 2.5 a matsayin iyakar lokacin da ya kamata babban abin da ke shafi ya bayyana. Gyaran ba wuya: a rage faɗin zuwa fiksel 1600, a mayar da hoton tsarin WebP, wani nau'in fayil ɗin hoto marar nauyi, nauyinsa ya dawo ƙasa da kilobait 200, kuma ido ba zai ga bambanci a waya ba. Hoto ɗaya mai kyau ya wadatar, don ba kowa ke jiran na biyu ya juyo ba.

Tambari kuwa, wanda aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, in aka ƙara masa girma sai ya dushe. A nemo na asali a tsarin SVG, nau'in fayil ɗin da ba ya dushewa in an ƙara girma, ko PNG marar farin baya. Kuma "a ƙara girman tambarin" a waya yana nufin a ture lambar kira da adireshi can ƙasa.

Salon rubutu biyu sun isa, girman rubutun karatu kada ya gaza fiksel 16. Masu son rubutu mai lanƙwasa su sani, yawancin irinsa ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. In shafin na Hausa ne, sai ka ga waɗannan haruffa sun fito da wani salo dabam a tsakiyar kalma, ko wani ɗan akwati ya maye gurbinsu. A gwada su tun kafin a zaɓa. Batun kiɗan da ke tashi da kansa ma a bar shi, tun 2018 manhajar buɗe shafuka ta Chrome ke toshe shi.

Mu ma masu tsarawa akwai abin da ya rage mana, in muna so kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A rubuta a yarjejeniya sau nawa za a yi gyara, kuma mutum ɗaya ne zai amince da aikin, ba oga da mataimakinsa da ƙanin matarsa ba. A nuna samfurin a ƙaramar waya, ba a babban allon ofis ba. In an yi gardama, a miƙa wa wanda bai taɓa ganin shafin ba waya, a ce ya nemo lambar kamfanin ya danna ta, oga yana tsaye yana kallo.

Naka,
Wani mai tsara shafukan intanet