Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Inda Muka Kwana Kan Tallafin Kama Iskar Kabon

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, manyanmu da ƙannenmu. Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, ga rahoton abin da muka yi a bana, ni sakatare na rubuta a madadin shugabanni. Rahoton kuɗi ma'aji zai kawo nasa daban ranar babban taro.

Idan ba ku manta ba, a babban taron bara aka yanke cewa maimakon mu riƙa taɓa kowane fanni na makamashi sama-sama, mu ɗauki abu ɗaya mu bi shi har gindinsa. Abin da aka zaɓa shi ne kuɗin da gwamnatoci ke zubawa, ko harajin da suke yafewa, don kamfanonin mai da gas da kwal su kama iskar kabon kafin ta fita sararin sama su tura ta ƙarƙashin ƙasa. Aka raba mu kwamiti-kwamiti, kowane ya ɗauki ƙasashensa, sannan a zaman wata-wata kowa ya kawo abin da ya karanto. Alhamdulillahi zaman bai yanke ba, duk da dai zuwa tsakiyar shekara halarta ta ɗan yi ƙasa kafin ta sake farfaɗowa.

Kwamitin Amurka ne ya fi shan aiki, saboda rangwamen harajin da suke kira 45Q shi ne uwa uba a wannan harka. An kafa shi a 2008, lokacin dala 20 ne kan kowane tan da aka binne, dala 10 idan an tura iskar cikin tsofaffin rijiyoyin mai don matso ragowar man. A 2018 aka ɗaga shi ya nufi dala 50 da 35, sannan dokar rage hauhawar farashi ta 2022 ta kai shi dala 85 da 60, mai zuƙo kabon kai tsaye daga iska kuwa har dala 180, kuma ana cin moriyar shekara 12 daga ranar da na'ura ta fara aiki, da sharaɗin a biya ma'aikata albashin da doka ta gindaya, in ba haka ba kashi ɗaya cikin biyar kawai za a samu. To a watan Yulin bana sabuwar dokar haraji ta zo ta daidaita su, yanzu wanda ya yi amfani da iskar wajen haƙo ƙarin mai shi ma dala 85 zai samu daidai da wanda ya binne ta kawai. Wannan ya tada ƙura sosai a zamanmu, zan dawo kansa.

Wata 'yar uwarmu injiniya ta yi mana bayanin da gaskiya ya buɗe wa da yawa ido, kan dalilin da ya sa dala 85 ɗin take isar wani amma ba ta isar wani. Komai ya danganta ne da yawan kabon ɗin a cikin hayaƙin. Masana'antar ethanol (man da ake yi daga masara ko rake) da wasu wuraren tace gas iskar tasu tana fita kusan tsantsarta, matse ta kawai za a yi a sa a bututu. Hayaƙin tashar kwal kuwa kabon ɗin bai wuce kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari ba, na tashar gas wajen kashi 4 ne, sai an bi da shi ta cikin wani sinadari da ake kira amin ya riƙe kabon ɗin sannan a dafa sinadarin ya sake shi, kuma wannan dahuwar tana cin wuta mai yawa daga ita tashar kanta. Shi ya sa za ku ga masu saurin karɓar rangwamen su ne waɗanda dama aikin bai musu tsada, tashoshin lantarki da ake ta ambata a bakin 'yan siyasa kuma su ne a baya.

Zaman da ya fi taɓa ni a bana shi ne wanda muka bi tarihin tashoshin kwal ɗin. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya duba a 2021 ya gano ma'aikatar makamashi ta kashe kusan dala miliyan 684 kan ayyukan kwal guda takwas, ɗaya tak aka gama, wato Petra Nova a Teksas. Ita ma ta fara aiki a 2017, sai da aka kafa mata wata ƙaramar tashar gas daban don ta samu wutar da za ta yi aikin kamun, sannan a 2020 da farashin mai ya faɗi aka kashe ta, tunda dama iskar rijiyar mai ake kaiwa, sai 2023 aka sake kunna ta. Tashar Kemper a Misisipi kuɗinta ya haura har dala biliyan 7.5, a 2017 aka haƙura da kwal ɗin aka koma ƙona gas. Tashar Boundary Dam a Kanada tana aiki tun 2014, gwamnatin tarayya ta sa dalar Kanada miliyan 240, amma ba ta kai tan miliyan ɗaya a shekara da aka zana mata ba. Gorgon ta kamfanin Chevron a Ostareliya, wadda aikin gas ce ba kwal ba, ita ma an ba ta izini ne kan za ta binne kashi 80 na kabon ɗin da ke fitowa da gas ɗinta, ta fara a makare a 2019 kuma ba ta cika alƙawarin ba. Wallahi ba don mu kushe fasahar muka jera waɗannan ba, kuɗin talakawan ƙasashen ne, dole a faɗi inda ya tafi.

Kwamitin Turai ya kawo mana wani salon daban. Norwe ta sa harajin kabon a 1991 kan masu haƙar mai a teku, kuma a 1996 aka fara binne kabon a Sleipner, wani wurin haƙar gas a cikin teku, kusan tan miliyan ɗaya a shekara, saboda binnewar ta fi biyan harajin sauƙi. Ba kyauta aka ba su ba, sakin iskar ne aka sa wa farashi. Daga baya ita Norwe ɗin ta shiga ba da tallafi kai tsaye, shirinta na kama kabon da binne shi mai suna Longship gwamnati ce ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na kuɗinsa, kuma a bana muka ga sakamako, masana'antar siminti ta Brevik ta buɗe na'urarta mai kama tan 400,000 a shekara, Northern Lights, ma'ajiyar kabon ta kamfanonin Equinor da Shell da TotalEnergies, kuma ta fara tura iskar ƙarƙashin ƙasan teku a watan Agusta. Birtaniya tata matsalar sauya magana ce, a 2015 ta soke gasar neman tallafin kama kabon na fam biliyan ɗaya ana gab da kammalawa bayan kamfanoni sun yi ta shiri, sai a Oktoban 2024 ta dawo da alƙawarin fam biliyan 21.7 cikin shekara 25. Tarayyar Turai kuma ta ɗora wa kamfanonin mai da gas nauyin samar da wurin ajiya, tan miliyan 50 a shekara nan da 2030. Na Kanada ba mu zurfafa ba, abin da muka riƙe shi ne rangwamensu kan kuɗin gini ne, kashi 50 na kayan kamu, kashi 37.5 na bututu da ajiya, kuma ba sa ba mai amfani da iskar wajen haƙo mai.

Yanzu batun rijiyoyin man. Nan fa ba mu haɗu ba, kuma ban ga amfanin ɓoyewa ba. Wani dattijonmu da ya daɗe a harkar mai ya tsaya kan cewa wannan ita ce hanyar da ta gina bututu da ƙwarewar da ake taƙama da su yau, tun shekarun 1970 ake yi a Teksas, kuma mafi yawan iskar da aka tura tana zama a ƙasa, man kuma in ba a haƙo a nan ba za a haƙo a wani wurin. Matasanmu, musamman ɗalibai, suka ce ba za a kira abu tallafin gyaran yanayi ba alhali ƙarshensa ƙarin gangar mai ce da za a ƙona, kuma mafi yawan kabon ɗin da ake kamawa a duniya yau can yake tafiya. An yi muhawarar cikin mutunci, na ji daɗin hakan ƙwarai. Ni dai ra'ayina, in har za a biya, bai kamata kuɗin ya zama daidai da na wanda ya binne ya tafi ba, tunda shi mai rijiyar yana da wani cinikin a gefe. Amma wannan nawa ne, ƙungiya ba ta ɗau matsaya a kai ba.

Inda muka haɗu gaba ɗaya, kuma shi ne ya zama ƙashin bayan takardar matsayar da muka rubuta a ƙarshen shekara, shi ne batun awo. A 2020 sufeto mai sa ido kan haraji a baitulmalin Amurka ya gano cewa cikin kusan dala biliyan ɗaya da aka nema ta 45Q tsakanin 2010 da 2019, kusan miliyan 900 kamfanonin da ba su cika ƙa'idar sa ido da rahoto ta hukumar kare muhalli ba ne suka nema. Wato gwamnati ta yi cinikin biri a sama. Shi ya sa hankalinmu ya tashi da muka ga a watan Satumba hukumar muhallin ta gabatar da shawarar soke yawancin shirin rahoton iskar da ke ɗumama duniya, alhali da shi ake tabbatar da tan nawa aka binne. Abin da takardarmu ta ce a taƙaice, muna goyon bayan tallafi, musamman ga siminti da taki da ƙarfe inda babu wata hanya mai sauƙi, amma a biya kan tan ɗin da aka auna aka tabbatar yana ƙasa, wani daban ba kamfanin ba ya duba, a wallafa alƙaluman kowa ya gani, in iskar ta tsiyaye a dawo da kuɗin, kuma a rubuta tun farko wa zai kula da rijiyar da aka binne iskar bayan kamfani ya tattara ya tafi. Mun ƙara da batun lafiyar mutanen da bututu ke ratsa garuruwansu, saboda abin da ya faru a Satartia ta Misisipi a 2020, bututun kabon ya fashe, mutum 45 suka je asibiti, motoci ma suka mutu saboda injin bai samun iskar da zai ƙona mai.

Kada kuma mu manta da girman abin. Duk na'urorin kamun da ke aiki a duniya ƙarfinsu wajen tan miliyan 50 ne a shekara, hayaƙin da makamashi ke fitarwa kuwa ya haura tan biliyan 37. Don haka duk wanda ya ce muku wannan fasahar kaɗai za ta ba mai da kwal damar ci gaba kamar da, ku nuna masa waɗannan lambobin biyu.

Sauran ayyukan, mun yi zaman horo ga sabbin membobi kan yadda ake karanta dokar haraji da rahoton kamfani, mun tattara bayanan kwamitoci wuri ɗaya don na baya su samu, wasu daga cikinmu kuma sun yi wa ɗalibai lacca. Abin da bai yiwu ba shi ne nazarin Sin da ƙasashen Larabawa, kwamitin bai samu isassun hannu ba, an ɗage shi zuwa baɗi.

A baɗi in Allah ya kai mu za mu bi diddigin yadda batun rahoton Amurka zai ƙare, mu ga ko Northern Lights da Brevik za su kai adadin da aka zana musu, sannan mu sake zama kan rijiyoyin mai ko za a samu matsaya ɗaya. Muna neman masu ilimin lissafin kuɗi da lauyoyi su shigo kwamitoci, injiniyoyi sun mana yawa a wannan ɓangaren. Wanda yake da gyara kan takardar matsaya ya miƙa wa shugaban kwamitinsa kafin babban taro, waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba kuma don Allah su tuntuɓi ma'aji. Godiya ta musamman ga shugabannin kwamitoci da duk wanda ya ba da lokacinsa, Allah ya saka da alheri.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugabanni.