Zuwa ga Yaya, game da aikin bututun gas

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ma lafiya lau nake a nan Ingila, sai sanyi.

Ka ce Baba na tambaya, wane irin aikin famfo ne wannan da har yanzu ake zaman jarrabawa? Ka faɗa masa na iskar gas ne, kuma lissafinsa ya fi ɗaurinsa wuya.

Gas yana fitowa daga mitar gida da ƙarfin milibar 21. Ka'idar da ake bi, BS 6891, ta ce daga mita zuwa murhu ko tukunyar dumama ruwa, kada ƙarfin gas ɗin ya ragu a hanya fiye da milibar 1. Ɗaya tak! A ma'auninmu na ruwa, wajen santimita guda ke nan. Wannan ɗan abin shi za ka raba wa duk hanyar, kamar mai cefane da canji ƙidayayye.

Da farko sai ka san cin kowace na'ura. Tukunya mai kilowat 30 tana shan kusan kubik mita 3 a awa. Sai ka auna tsawon bututu, amma awon tef kaɗai bai isa ba, domin kowace gwiwa, wato inda bututu ya lanƙwasa, tana rage wa gas gudu, ana lissafa ta kamar ƙarin wajen rabin mita. Gwiwa shida, ka ga an ƙara maka mita 3 da ido bai gani ba. Inda murhu da tukunya suka haɗa bututu ɗaya kuwa, nauyinsu duka za ka ɗora masa.

Tsofaffin gidaje su ke ba mu aiki. Za ka tarar da bututun jan ƙarfe mai faɗin milimita 15, mai gida ya sayo babbar tukunya, yana so a jona kawai. Ka ce sai an sa 22, wani lokacin ma 28 daga bakin mita, sai ya ɗauka kuɗinsa kake so. Ni dai ba na jayayya. Ina kunna komai, in nuna masa yadda ruwan ma'aunin ke sauka.

Doka ta hana mutum yin wannan sana'a sai da rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009. Ita nake nema, har yanzu a ƙarƙashin maigidana nake. A taya ni da addu'a.

A gaishe min da Baba da Inna da kyau, da su yara.

Ƙaninka.