A auna tsawon waya kafin a zaɓi I2C

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da matasanmu masu haɗe-haɗe da Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa kod don sarrafa na'urori, domin kullum tambayarsu ɗaya ce, wai tsakanin UART da I2C da SPI, hanyoyi uku da allon ke magana da wasu na'urori ta waya, wanne ya fi. Ni dai amsata, fara auna nisan da wayarka za ta yi tukuna.

Abin da ke ruɗar mutane da I2C shi ne waya biyu kacal take ci, SDA mai ɗaukar saƙo da SCL mai daidaita lokaci, a kan allon Arduino Uno ƙafar A4 da A5. Nima haka ta ruɗe ni, na ja waya wajen mita biyar zuwa sensar zafi, da guntuwar waya a kan tebur komai lafiya lau amma da na kai ta mazauninta sai karatu ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, kwana uku ina ta zargin kod ɗina ashe ba ruwansa. Kamfanin Philips ya fito da I2C ne a 1982 don kayan da ke kan allo ɗaya, ƙa'idarta ba ta son nauyin layi, wato yawan cajin da waya ke riƙewa, ya wuce 400 pF, doguwar waya kuwa nan take take cinye wannan. Ga kuma rigimar adireshi, wato lambar da ake kiran kowace na'ura da ita a kan layin, agogon DS3231 da sensar MPU6050 duk 0x68 suke amsawa, sai ka ba ƙafar AD0 ta sensar wuta ta koma 0x69 kafin su zauna lafiya.

SPI ta Motorola akwai gudu kam, a Uno tana kai 8 MHz alhali I2C 400 kHz, shi ya sa katin SD da sikirin mai launi suka fi sonta. Sai dai cin ƙafafu, 11 da 12 da 13 sun tafi, kuma kowace na'ura da nata CS, wato ƙafar da ake zaɓenta da ita.

UART kuwa tsakanin na'urori biyu ce kawai, TX (ƙafar aikawa) ya tafi RX (ƙafar karɓa), gudun ya zo ɗaya a ɓangarorin biyu kamar bit 9600 a daƙiƙa, kar a manta haɗa GND, wato wayar negatif ta allunan biyu. Ita ta fitar da ni ƙarshe, na ƙara ƙaramin Arduino kusa da sensar, na sa MAX485, ɗan guntun da ke mayar da UART zuwa tsarin doguwar waya na RS-485, nan da can da murɗaɗɗiyar waya, tunda RS-485 tana iya kai mita 1200 in an rage gudu. Tun ranar karatun bai sake ɗaukewa ba.

Wassalam,
Wani mai karatunku