Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Waɗanda Aka Ci Moriyarsu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta iso, na kuma ga tambayarka: me ya ja ni ga tarihin 'yan luwaɗi da masu sauya jinsi har nake ta kawo maka shi? Na san ba za mu yarda a kan komai ba, amma bari in ba ka labarin mutanen, sai ka yi hukunci da kanka.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Alan Turing, masanin lissafi ɗan Ingila. A 1936 ya rubuta maƙalar da ta zama tushen tunanin kwamfuta. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, yana cikin waɗanda suka zauna a Bletchley Park suna warware saƙonnin sirri da sojojin Jamus ke aikawa ta na'urar Enigma. To a 1952 ɓarawo ya shiga gidansa, ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Garin bincike ya faɗa musu gaskiya cewa yana tarayya da wani namiji, sai mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma. Aka ba shi zaɓi: ko kurkuku, ko allurar da za ta kashe masa sha'awa. Ya zaɓi allura, ya shekara ana yi masa, har jikinsa ya sauya. Aka kuma raba shi da aikin sirrin gwamnati. A watan Yunin 1954 aka tsinci gawarsa, guba ce ta kashe shi, yana da shekara 41. Sai a 2009 Firaminista Gordon Brown ya nemi gafara, a 2013 Sarauniya ta yafe masa, a 2021 kuma aka buga hotonsa a takardar fam 50. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, sannan aka dawo ana ba kabari haƙuri.

Haka aka so yi wa Bayard Rustin a Amurka. Kowa ya san Martin Luther King ya yi jawabi a gangamin neman 'yancin baƙar fata da aka yi a Washington ranar 28 ga Agustan 1963, amma mutum nawa ne suka san wanda ya tsara taron? Rustin ne ya lissafa motoci da jiragen ƙasa, da ruwan sha, da lasifika, don mutum kusan 250,000. Gab da taron Sanata Strom Thurmond ya tono kamun da aka yi masa a 1953 kan luwaɗi, ya kai maganar zauren majalisa don ya ɓata tafiyar. A. Philip Randolph, jagoran gangamin, ya ƙi cire Rustin daga aikin. Rustin ya rasu a 1987, lambar yabon shugaban ƙasa kuwa sai a 2013 ta zo.

Ita Lynn Conway, injiniyar kwamfuta 'yar Amurka, ta ji neman gafarar da kunnenta. Kamfanin IBM ya kore ta a 1968 da ta bayyana niyyarta ta sauya jinsi. Ta sake suna, ta faro aiki daga ƙasa tana ɓoye tarihinta, sannan ita da Carver Mead suka fito da hanyar zana ƙananan ƙwaƙwalwar kwamfuta da injiniyoyi suka daɗe suna bi. IBM ya ba ta haƙuri a 2020, bayan shekara 52. Ta rasu a 2024.

Stonewall ka riga ka ji shi: mashayar 'yan luwaɗi ce a New York da 'yan sanda suka kai wa samame ranar 28 ga Yunin 1969, mutane suka ce wannan karon ba za su watse ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tun 1919 likita Magnus Hirschfeld ya buɗe cibiyar nazarin jinsi a Berlin. 'Yan Nazi suka wawashe ta a watan Mayun 1933, suka cinna wa littattafanta wuta a bainar jama'a.

Na bar maka Simon Nkoli a ƙarshe don shi namu ne na Afirka. Yana cikin mutum 22 da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta tuhuma da cin amanar ƙasa a shari'ar Delmas, laifin da zai iya kai su ga rataya. A cikin kurkukun ya shaida wa 'yan gwagwarmayar cewa shi ɗan luwaɗi ne. Wasu suka fusata, har suka so a raba shari'arsu da tasa, daga baya suka sauko. Ka yi tunanin ƙarfin halin da hakan ke buƙata, mutum yana tsare tare da waɗanda ba shi da kowa sai su. An sallame shi, ya jagoranci tattakin 'yan luwaɗi na farko a Johannesburg a 1990, kuma tsarin mulkin Afirka ta Kudu na bayan wariyar launin fata ya zama na farko a duniya da ya haramta nuna irin wannan bambanci. Cutar ƙanjamau ta yi ajalinsa a 1998.

Ka rubuto mini ra'ayinka ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ko da ka ga na yi nisa. Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka