Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyar Marubuta Waƙa, Maraɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

An yi tarukan wata-wata, ban da na azumi da wanda ruwa ya hana.

Abin da ya fid da mu kunya bana shi ne daren karatun waƙa kan garin Maraɗi. Kujerun haya ba su isa ba, sai da muka aro tabarmi a maƙwabta. Matasanmu masu waƙar zamani, wadda ba ruwanta da amsa-amo, sun zo da kabu-kabu, kwalta da hayaniyar babbar kasuwa. Amma duk wanda ya kasa kunne ya ji Gulbi na gudu ƙarƙashin baitocin. Ɗaya ta kira cunkoson tasha ambaliya. Wani ya ce titunanmu miƙaƙƙu ne kamar an ja su da igiya, ba lungun da mutum zai ɓoye baƙin cikinsa.

Nan Baba, dattijonmu na unguwar Bagalam, ya buga sandarsa ƙasa ya ce, "Yaro, ka san abin da ka faɗa?" Ya tuna mana ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a fadama, aka hau tudu, Turawan Faransa suka shata tituna a miƙe. Kafin nan ma kakanninmu gudun hijira suka yo daga Katsina bayan faɗuwarta a 1807, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Mutanen da suka tashi sau biyu, in ji shi, ko babur suka yi wa waƙa sai ƙaura ta leƙo. Yaron ya rantse bai taɓa jin labarin ba. Ni dai na yarda da shi, kuma baitinsa ya fi na wasunmu da suka haddace tarihin.

To, kundin da muka yi alkawarin bugawa bai fito ba. Masu cewa kwamiti ya yi barci su zo su duba littafin ma'aji. Kuɗin ƙungiya jika guda ne a wata, ko rabinmu ba su biya ba, kuma mai ɗab'i ba ya karɓar baiti a madadin kuɗi. Ziyarar garin Tsibiri ma haka ta sha ruwa, kuɗin mota ya gagara. Wasu sai a WhatsApp ake ganinsu suna gyara mana ƙa'idar rubutu, ran taro kuwa wayarsu a kashe.

Na gaji da bin mutane gida-gida da man babur ɗina. Mai bashi ya kawo wa ma'aji kafin taron wata mai zuwa, ran nan za mu yanke ko a buga kundin ko a mayar wa kowa takardunsa.

Sakatare