Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke jinya a Yamai

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa da fatan jiki yana ƙara sauƙi. Mu nan Maradi lafiya lau, sai zafi. Malam yana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Tunda magana tana ba ka wuya da wannan wayar da aka ɗaure maka haƙora da ita saboda karayar muƙamuƙi, na ce bari in rubuto, ka karanta a natse.

Kawunka ya turo mini hotonka. Kumburi ya sauka, alhamdu lillahi, amma ka rame har wuyan riga ya yi maka yawa. Ya ce ba ka shan komai sai shayi da tsararon koko da lemon kwalba. Babana, wannan ba abinci ba ne. Muƙamuƙi ƙashi ne, kuma ƙashin da ya karye yakan ɗauki kamar mako 6 kafin ya kama, ƙarfinsa na sosai kuwa sai bayan watanni. Dokta ya daidaita shi ya ɗaure, nasa ya ƙare. Ɗorin kansa jikinka ne zai yi, kuma da abin da ka zuba masa zai yi shi.

Don haka ka ɗauki ci a matsayin aikinka na yanzu. Kada ka jira yunwa, don mai jinya ba kullum yake jin ta ba. Ka sha kaɗan-kaɗan sau 6 ko fiye a wuni, da ƙaramin kofi ko sirinjin da aka ba ka, ta gefen kunci inda akwai kafa. Kunun gyaɗa ya fi koko nesa ba kusa ba, balle in an zuba masa madara. Wake kuwa kada ka raina shi: a jiƙa, a surfe bawon kamar za a yi alale, a dafa har ya narke, a markaɗa, a tace, a sassauta shi da romon nama ko na kaza, a ɗiga man gyaɗa cokali guda. Haka za a yi da kabewa da dankali, da kifi in an tsince ƙayarsa tsaf. Ƙwai a dafa shi tukuna a markaɗa cikin romo, ban yarda da ɗanye ba. Na san kai da hura ba ku rabuwa. Sha abinka, amma a dama ta da nono mai yawa, a tace da rariya mai laushi, in ba haka ba tsakin gero zai maƙale a waya ya hana ka sakat. Nonon ma a san inda aka sayo shi, ruwan kuma mai tsabta, domin amai ga wanda bakinsa ke ɗaure ba ƙaramin haɗari ba ne. Almakashin da suka ba ka na yanke ɗaurin, ya zauna a aljihunka dare da rana, kawunka ma ya san yadda ake yi. In ka ji zuciyarka na tashi, ka sunkuya gaba ko ka juya gefe, kada ka kwanta rigingine.

Ka ce leɓenka na ƙasa da haɓa kamar ba naka ba. Jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin ce ta taɓu, kuma takan daɗe kafin ta farfaɗo. Abin da nake tsoro shi ne kunu mai zafi ya ƙona ka ba ka sani ba. Ka riƙa ɗiga shi a bayan hannu kafin ka kai baki. Bayan kowane ci ka kuskure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ka goge da buroshin yara mai taushi. Asuwaki a ajiye shi tukuna.

Maƙwabta sun shigo dubiya, har da masu cewa a dawo da kai gida a kai ka wajen mai ɗori. Na yi musu godiya. Masu ɗori sun san aikinsu a ƙafa da hannu, amma bakin da aka riga aka daidaita, babu mai sa masa hannu sai wanda ya yi aikin.

Yanzu maganar da na san ba za ta yi maka daɗi ba. An ce har ka fara tambayar yaushe za ka koma filin ƙwallo. Ginin laka yakan bushe a waje alhali cikinsa ɗanye ne. Jin sauƙi yana riga warkewa zuwa. Gwiwar hannun wani kaɗai ta same ka a haɓa, an koma farko. Ba ƙwallo, ba ɗaga ƙarfe ko jarkar ruwa, ba hawa babur, ko da goyo ne a bayan ɗan kabu-kabu, sai dokta ya duba hoton ƙashin ya ce ya kama. Amma ban ce ka kwanta kamar gawa ba. Ka taka da ƙafa bayan asuba da kuma in rana ta yi sanyi, ka fara da zagayen unguwa, kana ƙarawa a hankali. Tafiya tana buɗe ciki, ga maganin ciwo da ke ɗaure bayan gida. In ka ji jiri ko haɓar tana bugawa, ka zauna. In sujada tana sa ka ji jini na taruwa a fuska, Malam ya ce ka yi sallarka a zaune, ka bar azumin Litinin da Alhamis, tunda ko na farilla Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Taba da shisha suna jinkirta kamun ƙashi. Ban ce kana sha ba, na dai san abokai. Ƙwayar tiramol ta masu talla a tire kuma ko kyauta ce kada ka karɓa.

Ranar da za a kwance wayar, bakin ba zai buɗu yadda ka sani ba, kada ka firgita. Za su nuna maka yadda ake motsa shi, ka riƙa yi gaban madubi ba tare da tilas ba, har wata rana yatsu 3 a jere su shiga tsakanin haƙora. Lokacin za ka fara da faten wake, alale, tuwo mai laushi da miyar kuka. Kilishi, aya, ƙuli-ƙuli, rake da goro su jira. In ka ga zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko kumburi ya dawo, ko haƙoranka sun daina haɗuwa daidai, ka koma asibiti a ranar.

Na ba da saƙo a motar gobe: markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin kunu, da garin zogale na Jiratawa, a riƙa zuba cokali guda a romo. Kowace Juma'a ka hau ma'auni a farmasi ka turo mini kilo nawa ka yi. Ka gaishe mini da kawunka da matarsa, ka yi mata godiya kan wahalar markaɗe. Allah ya ƙara sauƙi, ya yi maka albarka.

Innarka,
Maradi