Amsa Ga Alhaji Kan Tallafin Bashin Gida

Assalamu alaikum Alhaji,

Tambayar da ka jefo mini a taron al'ummarmu na Bronx, ka kuma bi ta da rubutu a Facebook don kada a ba kowa labari, ta iso. Cewa ka yi nawa ake ba ni da nake ta tura mutane neman tallafin gwamnati na bashin gida, kuma a kan me za a ɗebi harajin ɗan haya a biya wa wanda ya sayi gidan da ya fi ƙarfinsa. Ka rufe da batun riba, don a ce kishin addini ne ya sa ka magana.

Ka girme ni, ba zan yi maka rashin kunya ba. Amma "nawa ake ba ka" ɗin nan ta sosa mini rai. Ko sisi ba a taɓa ba ni ba, kuma ni kaina haya nake yi har gobe. Je ka tambayi liman, ka tambayi direbobin tasi da suka riƙa zuwa falona bayan isha'i da takardun haraji da wasiƙun banki cike da leda, wasu ko buɗe su ba su yi ba don fargaba. Mutane ne da suka shekara da shekaru suna biyan bashinsu a kan kari, sai korona ta zo a 2020, titunan Niyok suka yi tsit, mota ta kwana a fake wata da watanni. Su ne masu ganganci a wurinka?

Tunda ka ɗauko zancen haraji, mu yi lissafin tun daga tushe. A watan Oktoban 2008, makonni kaɗan bayan durƙushewar bankin Lehman Brothers, majalisar Amurka ta amince da dala biliyan 700 don ceto bankuna. Ban ji ka kira taro ba a lokacin. Da Obama ya sanar da shirin rage wa masu gidaje nauyi a Fabrairun 2009, sai ihu ya tashi. Shirin nan mai suna HAMP kuwa ba kyautar gida ba ne. A lokacin ana sassauta kuɗin bashin da ake biya duk wata ne ya dawo kashi 31 cikin 100 na abin da mutum ke samu, bayan ya yi gwajin wata uku yana biya ba fashi. An yi burin kai wa ga gidaje miliyan 3 zuwa 4, ba a kai ba. Laifin wa? An damƙa aikin ne a hannun kamfanonin da ke karɓar bashin. Na san dattijon da ya aika takardunsa aka ce sun ɓata, ya sake aikawa aka ce sun tsufa, alhali wani ofishin na kamfanin yana can yana shirin ƙwace gidan. A 2010 asiri ya tonu cewa ma'aikata na rattaba hannu kan dubban takardun ƙwace gidaje ba tare da sun karanta ba. A 2012 manyan bankuna 5 suka amince da sulhun dala biliyan 25. Ka ga inda gangancin yake.

Asusun da na riƙa tura mutane gare shi na 2021 ne, kuma bai cika dala biliyan 10 ba a duk faɗin ƙasar. Ka auna shi da 700 ɗin can da kanka, ai kai ɗan kasuwa ne.

Batun riba ba zan daɗe a kai ba, fatawa ta malamai ce. Sai dai ka sani, lokacin da aka buɗe shi a jihar Niyok a 2022 tallafin bai wuce dala 50,000 ga kowane gida ba, ba ruwa a kansa, kuma an tsara a yafe shi idan mutum ya ci gaba da zama a gidan shekara 5. Wanda aka fitar daga bashin da ke hauhawa, ban ga yadda aka ƙara dulmiya shi cikin riba ba.

Abin da ya fi damuna da mu shi ne, ɗan'uwa zai shiga uku ya yi gum, don ya san da zarar an ji, a majalisa za a yi ta yi da shi. Irin rubutunka ne ke sa magidanci ya ɓoye sammacin kotu har wa'adin amsawa ya wuce, matarsa ma ba ta sani ba.

Ni ma ina da tambaya, kuma a bainar jama'a zan yi ta kamar yadda ka yi taka. Ranakun da ake gwanjon gidaje a kotun Grand Concourse, me ke kai ka can da sassafe? Gida nawa ka saya a wurin, kuma nawa ne daga cikinsu na mutanen da muke haɗa sahu da su ranar Juma'a? Taro na gaba yana nan tafe, zan zo da wuri.

Wassalam,
Ƙaninka a Bronx